Ranar da Muka Kai Labari Zungeru

Ni ba da son raina na shiga guruf ɗin unguwarmu na waya ba. 'Yata ce ta saka ni ranar da ta kawo mini sabuwar waya, wai don in daina zama kamar baƙuwa a layinmu. Na ce mata ni da aka haifa a garin nan, kakana da jirgin ƙasa ya zo Minna ya kafa ɗinki a bakin tasha, wace waya ce za ta gaya mini abin da ke faruwa a bayan katangata? Ta yi dariyarta ta tafi, ta bar ni da abu yana ta tsuwwa a cikin jaka kamar ɗan tsako.

Ba a jima ba na saba, kuma ba zan ci amanar abin ba, ya yi mana rana. Idan famfo ya kawo ruwa, kafin ka ji ƙarar bokitin kowa an riga an faɗa. Idan wuta ta zo da ƙarfin da zai ƙona firji, wani zai yi maza ya ce a kashe kaya. Akuyar da ta ɓace da hantsi takan koma gida kafin la'asar, da hotonta da komai, kamar wata 'yar takara. A nan na san cewa matar da ke ƙarshen layi, wadda na daɗe ina yi wa kallon mai girman kai, ma'aikaciyar jinya ce da ke kwana wurin aiki, gajiya ce ke hana ta doguwar gaisuwa.

Haushinsa ma na sha. Akwai masu tashin mutum da hoton fure da barka da safiya, kullum, kamar an ɗora musu. Akwai faɗan kwata, wanda da a baki aka yi shi da an gama a tsaye, amma a waya sai ya kwana ya tashi har 'yan uwan da ke wasu garuruwa su sa baki. An taɓa ɗaukar hoton wani bawan Allah da ke tsaye a bakin layi aka ce a yi hattara da shi, ashe surukin mai shagon kusurwa ne yana jiran a buɗe masa ƙofa. Duk waɗannan na ɗauke su abin dariya, har ranar da maƙwabcinmu ya rasu.

Maƙwabcin nan namu na jikin katanga mutumin Gbagyi ne, Kirista, manomin doya. Kowa Baba yake ce masa. Filin da gidanmu yake a kai ma gonar mahaifinsa ce a da, kuma duk shekara idan sabuwar doya ta fito sai ya aiko mini da manya-manya ya ce hakkin maƙwabci ne. Shi ba ya cikin guruf. Wayarsa irin mai tocila ce, ita ma sai ya ga dama yake ɗauka.

Autarsa kuwa a ɗakin girkina ta girma. Tun tana rarrafe take tsallako mana, a hannuna ta koyi suyar masa, da azumi ita ce mai dama mini kunu duk da ba ta yi. Mama Hajiya take ce mini. Ta yi aure ta bi mijinta Zungeru, inda yake aiki wajen madatsar ruwa. Ta daɗe ba ta samu haihuwa ba, sai a shekarar nan Allah ya ba ta ciki, ya zo mata da hawan jini da kumburin ƙafa. Likita ya ja kunnen kowa cewa a kiyaye duk abin da zai tayar mata da hankali. Cikin ya tsufa a lokacin da abin ya faru.

Da safe ne, cikin damina. Baba yana ɗaure fartanya a bayan babur zai tafi gona, sai ya yanke jiki ya faɗi a ƙofar gida. Ihun matarsa na ji na fito ba mayafi. Ni da ban taɓa aika saƙon murya a guruf ba, ranar na danna na ce a taimaka da mota, Baba ya faɗi. Kafin in koma in ɗauko mayafina, layin ya cika. Ma'aikaciyar jinyar nan ta zo da gudu da silifas ƙafa ɗaya. Wanda ya fara kawo mota shi ne sakataren guruf ɗin, wani ma'aikacin ƙaramar hukuma a Maikunkele, mutumin kirki mai rawar jiki a kan sha'anin jama'a. Har ya kama hanyar ofis ya juyo. Shi ya kai Baba asibiti, shi ya yi ta zirga-zirga da takardu. Na faɗi wannan ne don kada a ce na manta da alheri. Da a zamanin aike ne, da Baba a ƙasa zai cika, ba a kan gado da matarsa riƙe da hannunsa ba.

Kafin azahar rai ya yi halinsa.

Muka dawo gida da matarsa, mata suka kewaye ta. Abu na farko da ta faɗa da ta samu bakin magana shi ne kada wanda ya kira auta. Ba sai ta yi mana bayani ba. A nan mu da su duk al'adarmu ɗaya ce: ba a jefa wa mutum labarin mutuwar iyaye daga nesa. Manya ake tashi su je, a zauna, a sha ruwa, a gaisa, a ce jiki ya motsa, a ce ya yi tsanani, a bar zuciya ta fara hasashe da kanta, sannan a faɗa, kuma a faɗa ana riƙe da mutum. Lokacin da mahaifina ya rasu ina gidan miji, ƙannensa biyu ne suka zo. Ban tuna kalmar da suka faɗa ba, amma har yau ina tuna nauyin hannun goggona a kafaɗata. Aka tsayar da magana cewa ni da ƙanwar Baba za mu tafi Zungeru a ranar.

Ina cikin ɗaki ina canja zani sai na ji wayata ta ɓarke da tsuwwa ba ƙaƙƙautawa. Na duba. Hoton Baba ne, wanda aka ɗauke shi a bikin godiyar kaka a cocinsu, yana murmushi cikin babbar riga. A ƙasa an rubuta sanarwar rasuwa, da sunansa da komai. Sakatare ne ya saka. Ta'aziyya kuwa sai zuba take yi, masu salati na yi, masu addu'ar coci na yi, masu hoton hawaye na yi.

Sai na tuna abin da kowa ya manta. Auta tana cikin guruf ɗin. Ko a makon da ya wuce na ga ta tsoma baki a faɗan kwata tana tsokanar mutane. Haka abin yake, mutum ya kwashe kayansa ya bar unguwa amma lambarsa tana nan zaune tare da mu, ba ya magana sai jefi-jefi, har a manta yana ji.

Na fita na iske sakatare a ƙarƙashin rumfar da aka fara kafawa, yana jera kujeru. Ta inda nake shiga ba ta nan nake fita ba. Ya tsaya da kujera a hannu yana kallona, ya ce, "Hajiya, wallahi gani na yi kada mutane su rasa jana'iza. Wasu suna wurin aiki."

Na ce, "Wace jana'iza, Malam? Baba Kirista ne. Gawa tana asibiti, sai dangi sun taru daga ƙauyuka, wataƙila sai mako na sama. Wa ke guje maka?"

Ya ajiye kujerar ya dafe kai. Daga baya da na huce na gane shi. Mu idan aka yi rasuwa da hantsi, kafin la'asar an kai mutum makwancinsa, wanda bai ji da wuri ba ya rasa. A wurinmu saurin sanarwa lada ne, kuma sau da yawa shi ɗin ne yake yi mana, muna sa masa albarka. Hannunsa ne ya yi abin da ya saba. Bai tsaya ya tuna gidan wa aka yi rasuwar ba, balle ya tuna wa ke karantawa.

Nan take ya goge sanarwar. Amma ta'aziyyar mutane tana nan jere a ƙasa, kowa da sunan Baba a bakinsa. Ya rufe guruf ɗin, ya shiga kiran mutane ɗaya bayan ɗaya yana roƙon su goge nasu. Na ce ya duba mana ko auta ta karanta, tunda an ce mai saƙo yana iya ganin waɗanda suka buɗe. Ya duba, ya ɗago a sanyaye ya ce ai da ya goge, wannan ma ya tafi. Muka nemi mijinta, wayarsa ba ta shiga. Ita kuwa ba mai ƙarfin halin kiran ta, don muryar kowannenmu za ta tona mu. Sakatare ya ce mu shiga mota, shi zai kai mu.

Ban taɓa ganin tsawon hanyar Zungeru kamar ranar ba. Muka wuce Maikunkele, ko kallon ofishinsu bai yi ba. Ruwan da aka yi ya cika ramukan titi, mota tana tafiya kamar mai ciwon ƙafa. Hagu da dama kunyoyin doya ne sun yi kore shar, irin aikin da Baba ya tashi zai tafi da safe. Ina riƙe da wayata a cinya ina kallonta. Duk minti ɗin da ya wuce auta ba ta kira ba sai in ce alhamdu lillahi, ba ta gani ba. Na yi ta lallashin kaina cewa sabis ɗinsu ba shi da kirki, wataƙila ba caji, wataƙila tana barci. Ranar ce kaɗai a rayuwata na roƙi Allah ya sa wayar wani ta lalace.

Bayan mun wuce Beji, ƙanwar Baba ta taɓa ni. Da Hausarta irin ta mutanen gona ta ce, "Hajiya, kai ne zai fada mishi. Ni in na bude baki, kuka ne zai fito."

Na ce to. Na shiga jera kalmomi a zuciyata ina rushewa.

Da la'asar muka isa. Sakatare ya ce shi a mota zai zauna, ba zai iya haɗa ido da ita ba. Muka yi sallama. Tsakar gidan a share tas, an shimfiɗa tabarma a inuwa, ga ruwa a jug da kofuna a kan faranti. Auta tana zaune a kan kujera 'yar tsugunno, ta miƙe kumburarrun ƙafafunta. Ba waya a hannunta, ba waya a kusa da ita. Ta yi murmushi ta ce, "Mama Hajiya, sannunku da hanya. Anti, sannu." Na ji wani sanyi ya ratsa ni, na ce a raina mun riga labarin isowa.

Ta zuba mana ruwa da kanta. Ta tambayi maigidana, ta tambayi 'yata, ta tambayi ciwon gwiwata, ta tambayi mamanta. Ta tambayi har akuyoyina. Ina jira ta ce ya Baba, don daga nan na shirya farawa. Ba ta ce ba. Ta sunkuyar da kai tana kallon tabarma.

Na matsa kusa da ita na kama hannunta. Ya yi sanyi. Na ce jikin Baba ya motsa da safe. Ta gyaɗa kai. Na ce an kai shi asibiti, an yi iya ƙoƙari, mamanta tana wurin. Ta gyaɗa kai. Na sa ɗaya hannun na rungumo kafaɗarta, na ce, "'Yata, sai haƙuri. Baba ya riga mu."

Ba ta yi ihu ba. Ƙanwar Baba ce ta fashe da kuka. Allah ya tsare, hawan jinin bai kayar da ita ba, kuma da lokaci ya yi ta sauka lafiya. Amma abin da ta faɗa mini a kan tabarmar nan bai bar ni ba har yau, kuma duk lokacin da na tuna sai raina ya ɓaci, ba da kowa ba, da yadda abin ya kasance.

Ta ce tun azahar ta gani. Tana wanke shinkafa wayar ta yi ƙara, ta buɗe ta ga fuskar babanta. Ba kowa a gidan, maƙwabta sun tafi kasuwa, mijinta yana wurin aiki. Ta kashe wayar ta tura ta ƙarƙashin katifa. Ta ce wa kanta ai mutanen guruf sun saba kuskure, kuma ba haka ake faɗa wa mutum ba, don haka ba ta ji ba. Sai ta ɗauki tsintsiya ta share gida, ta shimfiɗa tabarma, ta ɗebo ruwa, ta zauna tana sauraren motocin da ke wucewa a titi.

Ta ɗago ta kalle ni, idonta ya kawo ruwa. Ta ce, "Na san in ƙarya ne ba wanda zai zo. In gaskiya ne kuma ke za ki zo. Mama Hajiya, tun azahar nake zaune a nan ina roƙon Allah kada in ji sallamarki."