Littafina a Akwatin Baffa

Yatsun matar na fara gani. Ta kanga kunnenta a jikin wata ƙofar ƙarfe, tana murza makulli a hankali kamar mai tsintar tsakuwa cikin shinkafa. A wayar taubashiyata ne, ɗiyar gwaggona da ta zo mana hutu Wurno daga Goronyo, wayarta cike da finafinan ɓarayin banki masu fassarar Hausa.

Na so su, ba zan ɓoye ba. Ina son yadda ake shimfiɗa taswira a tebur, a raba wa kowa aikinsa, a ƙirga takun mai gadi. Amma sun sha ƙona min rai. Ni da na tashi da littattafan soyayya na kasuwa, jira nake shugaban ɓarayin ya dubi matar nan ya faɗi abin da ke zuciyarsa. Sai ya miƙa mata igiyar hawa bango. Ana gama aiki kowa ya kama gabansa, ba ko wasiƙa.

Shi ya sa na sayi littafin rubutu na fara gyara musu labarin. Saura kaɗan in haɗa su aure, Baffa, yayan mahaifina, ya tsince shi cikin jakata ta Islamiyya. Bai yi faɗa ba. Ya kulle shi a akwatin da yake ajiye littattafansa na karatu.

"Ke da kinka kalli fim goma, akwati guda za shi gagare ki?" in ji taubashiyata. "Ashe marubuciyar baki ce."

Muka tsara komai. Ranar Juma'a, bayan maza sun tafi masallaci. Makullin yana ƙarƙashin buzunsa. Ita za ta tsaya a zaure, in ta hango mutum ta yi tari.

Da na isa ƙofar na tuɓe takalmana, don tun da aka haife ni ban taɓa ganin wanda ya taka ɗakin Baffa da takalmi ba. Har sallama na yi, alhali na san ba kowa. Na ɗauko makullin, na tarar kwaɗon akwatin ya yi tsatsa. Na murza a hankali irin na matar, na murza da ƙarfi, ko motsi. Ban san lokaci ya tafi ba sai da na ji gyaran muryarsa. Mai gadina kuwa tana zaure ta duƙufa kan wani fim ɗin. Na laɓe bayan ƙyaure.

"Mai takalman ga," in ji Baffa daga waje, "mi kike nema?"

"Shara na zo yi, Baffa."

"To ina tsintsiyar?"

Har yau ban ga fim ɗin da aka kama ɓarawo saboda ladabi ba. Su ba su da baffa, ba su da ɗakin da ake jin nauyinsa.

Daga ranar makullin ya koma aljihunsa. Na gwada sake rubuta labarin daga ka, ya ƙi dawowa yadda yake.

Baffa ya rasu bayan shekara tara. Ina tsaye aka buɗe akwatin don raba wa ɗalibansa littattafai, na duba har ƙasa, nawa ba ya ciki. Matarsa ta ce bai taɓa yi mata zancensa ba.