Ranar da Motar Ƙaura Ta Ƙi Tashi

A garinmu da ke gefen ruwan Tiga, da an idar da sallar isha'i sai mu jikoki mu kewaye murhun kakarmu, Iya Gambo. Takan binne mana dankali a cikin toka mai zafi, ƙamshin kifin da maƙwabta ke banda yana shigowa ta saman danga. Yawanci tatsuniya take yi mana. Amma akwai labari guda da idan za ta fara shi sai ta tura itace cikin wuta ta ce, "Wannan ban da dariya, da idona na gan shi."

Labarin ranar ƙaura ne, lokacin da ruwan dam ya matso tsohon ƙauyenmu. Kakanmu, Malam Idi, ya ɗauko hayar wata tsohuwar akori-kura daga Bebeji, don ta kwashe iyalinsa da na amininsa Tanko. Tanko ya daɗe yana cewa ba zai bar kaburburan iyayensa ba, da ƙyar aka shawo kansa. Da yamma aka loda buhunan dawa, direban ya kwana a zaure, ruwan sama kuwa ya kwana yana zuba.

Da safe aka ƙara turame da tukwane, mata da yara suka hau. Direba ya murza makulli. Injin ya juya, ya juya, ya ƙi kamawa. A nan Iya takan kwaikwayi kukan motar da maƙogwaronta, mu kuwa mu danne dariya.

Kafin ka ce kwabo, wani ya ce ai ya ga Tanko yana zagaya motar da asuba. Magana ta fara bin kunnuwa. Wasu suka ce ɗaure ta ya yi da asiri, wasu suka ce gishiri ya zuba a tanki.

Direban ya ce, "Ku ba ni wuri. Tunda tana juyawa, batir lafiyarsa ƙalau. Saura mai da wuta." Ya cire bututun mai, ya sa aka murza, fetur ya tsarto. Ya shafa a yatsunsa, ya shinshina, bai ji wani baƙon abu ba. Sai ya zare wayar fulogi ya kusantar da ita jikin inji, aka sake murzawa. Ko tartsatsi babu.

"Kun ji ko," in ji mutane, "an kashe mata wuta."

Kakanmu bai jira direban ya gama ba. A gaban kowa ya ce, "Tanko, me ya kai ka wurin motar nan da asuba?"

"Buhunanka na je lulluɓewa, ruwa na dukansu."

"Za ka iya rantsuwa?"

Tanko ya juya ya nufi motar. Ya sauko da matarsa da 'ya'yansa, ya shiga sauke kayansa ɗaya bayan ɗaya.

Ana cikin haka direban ya buɗe hular da wayoyin fulogi ke haɗuwa a kanta. Ashe ta tsage, ruwan sama ya jiƙa cikinta. Ya goge, ya gasa ta kusa da garwashi har ta bushe, ya mayar. Murzawa ɗaya motar ta tashi. Kakanmu ya bi Tanko har inda yake ɗaura wa jakunansa kaya. Tanko ya ce, "Allah ya kai ku lafiya, Malam Idi." Tun suna yara Idi kawai yake ce masa. Ya nufi wajen danginsa a Doguwa, ba su ƙara haɗuwa ba.

Ni dai labarin bai taɓa gamsar da ni ba. Wata rana na ce, "Iya, to idan shi ne ya zuba ruwan fa?"

Ta ce, "Da ka yi zamanin, da kai za a yi. Sai da muka iso nan muna sauke kaya muka lura da tabarmar da ke kan buhunan. Ta Tanko ce."

Yanzu ni ma tsohuwar mota nake ja tsakanin Kiru da Tudun Wada. Bara na ara wa ƙanina ita, washegari ta yi ta juyawa ta ƙi tashi. Yana tsaye kusa da ni, kuma na ji tambayar ta taso mini har baki: me ka yi mata? Zargin bai fita daga raina ba, haɗiye shi kawai na yi, na buɗe bonet. Fiyus ne ya ƙone.

A da na ɗauka Iya tana nuna mana cewa Tanko mai gaskiya ne. Ranar na gane abin da ke ci mata rai: direban yana dab da gano matsalar, mijinta ne ya kasa jira. Ƙanina ya riƙe mini fitila na canza fiyus ɗin, muka tafi kasuwa tare, yana ta ba ni labarin gonarsa.