Sudusin Iya

Gidanmu na Zaitawa gidan gurasa ne. Kakarmu, mahaifiyar Baba, wadda muke kira Iya, tana da tanderu a bayan ɗakinta. Idan aka kwashe gashin ƙarshe bayan magariba, garwashi bai gama mutuwa ba, nan muke tsugunnawa ni da yayana Nafi'u da ƙannenmu, muna gutsurar waɗanda suka ƙone. Iya ba mai yawan fara'a ba ce. Ko tatsuniya za ta yi sai ta fara da faɗa: "Ke uwar surutu, rufe min baki, ga ta nan tafe." Ni ce uwar surutun.

Akwai wadda ta yi mana da har yau nake jin haushinta. Wai wata tsohuwa ce ta gasa gurasa guda ɗaya tak, ta ba baƙo rabi, ta ajiye rabi don ta ci da daddare. Sai ga kura ta yi sallama, ta ce ai tun mijin tsohuwar yana da rai ya yi mata alkawarin sulusi, wato kashi ɗaya cikin uku, na duk gurasar da aka gasa a gidan. Tsohuwa ta ce, "Rabi ne a hannuna, ta ina zan fitar miki da sulusi?" Suka rankaya wurin dila. Dila ya ce rabi da sulusi ba yankansu ɗaya ba, sai an mayar da su yanka iri ɗaya. In da an yanka gurasar gida shida, rabi yanka uku ne, sulusi yanka biyu. Aka yanka rabin tsohuwa gida uku, kura ta lamushe biyu ta yi gaba. Aka bar ta da ɗan yanki ɗaya, ɗaya cikin shida.

Na yi tsalle na ce, "Wallahi Iya an cuce ta!"

Ta ce, "Wa ya cuce ta? Ƙirga mu gani."

Na ƙirga da yatsu, na sake ƙirgawa. Uku a cire biyu, saura ɗaya. Na ce to ta ƙoshi? Iya ta tura itace cikin toka ta ce, "Ina fa ta ƙoshi. Lissafi dai ya fita. Ku tashi ku ba ni wuri."

Da muka kai wannan darasi a makaranta, malaminmu yana ta fama da yara kan cewa ba a ɗebe ɗaya bisa uku daga ɗaya bisa biyu sai lambar ƙasa ta zama iri ɗaya, ni ko a jikina. Na riga na ga an yanka gurasa.

Ina shekarar ƙarshe a sakandare Baba ya rasu, bai bar komai ba sai gidan. Bayan sadakar arba'in aka kira malamin da zai raba gado, maza suka zauna a soro, mu mata muna bakin ƙofa daga ciki. Malam ya ce uwar mamaci tana da sudusi, ɗaya cikin shida. Mata, wato Ummanmu, tana da sumuni, ɗaya cikin takwas. Shida da takwas kuwa ba sa haɗuwa sai a ashirin da huɗu. Saboda haka Iya huɗu, Umma uku, a cire bakwai, saura goma sha bakwai na 'ya'ya. Bawan Allah, sai da ya ƙara da cewa ba wanda ya ce lallai yau za a raba. In magada sun yarda, su ci gaba da zamansu, tunda akwai tsohuwa a ciki.

Yaya Nafi'u ko kansa bai ɗaga ba ya ce, "Malam, ni dai a fitar min da nawa."

Motar haya yake son saye. Duk cikinmu ba mai ƙarfin sayen rabonsa. Gidan ƙasa mai ɗaki biyar, ta ina za a tsaga shi gida ashirin da huɗu? Hanya ɗaya ce, a sayar.

Sai muryar Iya daga bayana: "Malam, ka ce huɗu ne nawa ko? To a ba ni huɗun da ɗakina yake ciki, da tanderuna. Sauran su kwashe."

Can malam ya ce, "Iya, ki yi haƙuri. Huɗun nan naki ba a wuri ɗaya suke ba, suna cikin kowane bango na gidan. Haka na kowa."

Aka sayar. Mu muka bi Umma gidan iyayenta, Iya kuma aka kai ta wajen Goggo, ƙanwar Baba, can bayan Ƙofar Dawanau, gidan haya, inda mai gidan ya ce ba ya son hayaƙi. Matar da tun tana amarya take gasa gurasa ta koma zaune a kan tabarma tana kallon bango. Ba ta ga wani azumin ba, Allah ya yi mata rasuwa.

Abin da ke ci min rai shi ne ba ni da wanda zan kai ƙara. Rabon Allah ne, babu zalunci a cikinsa, malam bai karkata ba, kuma abin da Yaya Nafi'u ya karɓa haƙƙinsa ne. Sai da na girma na gane abin da Iya take nufi: mutum yana iya karɓar abin da yake nasa tsaf, ya bar wani a tagayyare, kuma ya yi barcinsa lafiya. Haƙuri kaɗan ya gagari Yaya Nafi'u. Tsohuwar da ta goya shi ce fa!

Muna gaisawa da shi ranar Sallah, iyakarta ke nan. Motar ma tuni ta zama tarihi.

Kwanakin baya na bi ta lungunmu zan je barka. Wanda ya sayi gidan ya rushe shi ya yi ginin bulo, ƙofar a buɗe, na leƙa. Daidai inda Iya take shimfiɗa dardumarta ta yi sallah, nan ya ajiye janareta.