Tayoyin da Ban Huda Ba

Baba ya ƙare rayuwarsa a kan wata jar tarakta, yana kaftun gonakin shinkafa da alkama a fadamar Haɗeja. Da ya rasu, masu ita suka sayar wa 'yan gwangwan, aka yanyanka ta aka loda a mota. Abin da ya rage mana 'yan hotuna ne da tsohuwar hular aikinsa.

Ni gyaran waya nake yi a bakin kasuwa, amma inda zuciyata take shi ne ƙera ƙananan taraktoci. Ina da wata na'ura da na yi oda ta zo mini ta Kano. Za ka zana abu a kwamfuta, ka zuba mata wani ruwan roba da ake kira rezin, ita kuma ta yi ta daskarar da shi da haske kaɗan-kaɗan har abin ya fito. Sai ka wanke da sifirit, ka shanya a rana, ka goge, ka yi fenti, ka haɗa da gam. Aiki ne mai cin ido da cin rai, ga wari.

Ta Baba na fi daɗewa a kanta. Ba ta fi a ɗauka da hannu ɗaya ba, amma babu abin da na bari: fitilar hagu da ta fashe, wayar da ya ɗaure murfin inji da ita, gwangwanin madarar da yake kifawa a kan bututun salansa saboda ruwan sama. Matashin kujera kuwa, daga ragowar hularsa na yanko, don asu ya riga ya cinye sauran. Saboda Inna na yi ta. Yanar ido ta rufe mata gani, da yatsu take gani yanzu. Ranar da na ɗora mata a cinya, ta shafa ta shafa, sai yatsanta ya tsaya.

"Har gwangwanin ka sa?"

Ta yi dariya, ta shinshina matashin, sai kuma kuka. Tun daga ranar a gefen matashinta take ajiye ta.

Sai ɗan kawuna ya zo gaisuwar Salla. Taubashina ne, shi ɗan namiji ni ɗan mace, don haka tun muna yara "bawana" yake ce mini. Kowa ya san dokar taubasai: ya tsokane ka, ya ɗauke maka takalmi, ya cinye maka tuwo, in ka yi fushi kai ne mara tarbiyya. Ya ga taraktar, ya ɗauka, ya jujjuya ta.

"Bawana, kai da abin da ka ƙera duk nawa ne. Gwaggo, na tafi da kayana."

Tsakar gida ta kwashe da dariya. Inna ta ce, "Wasa yake, zai dawo da ita." Ni ma na yi yaƙe, haƙora a waje.

Bai dawo da ita ba. A waya na ga hotonsa yana miƙa ta ga wani Alhaji mai injin casar shinkafa a hanyar Malam Madori, ya rubuta a ƙasa cewa aikin hannunsa ne. Mutumin da ko ƙusa bai iya bugawa ba! Da wannan kyauta ya samu shiga, Alhaji ya ba shi aikin sayo masa shinkafa shanshera a ƙauyuka. Na je wurin Kawu, ya ce tsakanin taubasai ba a shiga. Na ce wa Inna zan yi mata wata. Ta ce, "Da wace hular?" Ɗan ƙaninta ne, ba za ta iya buɗe baki ta roƙe shi ba. Amma kullum da safe sai na ga hannunta ya je gefen matashi ya lalubo wofi. Na tsane shi, kuma ban roƙi Allah Ya cire mini tsanar ba.

Ana shiga bazara sai ga shi a shagona, yana ƙamshin turare.

"Bawana, aiki ya samu. Alhaji na son babba, koriya, mai tirela, ta teburin ofis. Baƙi za su zo ganin sabon inji."

Na ce to, ranka ya daɗe.

Akwai abin da duk mai wannan sana'a ya sani. Babban abu kamar tayar baya, ba a cike ake buga shi ba, ana barin cikinsa fanko. Dole kuma ka bar 'yan huji a ɓoye, don ɗanyen rezin da ya taru a ciki ya tsiyaye, ka wanke. In ba ka bar hujin ba, waje zai bushe ya yi kyau, ciki kuwa ruwa na nan yana cin jikin abin. Zafi ya taɓa shi, wata rana sai ya tsage.

Ban bar huji ko ɗaya ba. Ban taɓa ƙera tarakta mai kyan wannan ba, don har lakar fadama na zana mata a ƙafafu. Da ya zo ɗauka na ba shi shawara ta 'yan'uwantaka, cewa a ajiye ta kusa da taga, inda haske zai fito da fentin. Daga nan duk sanda na bi ta hanyar a kan mashin, sai na kalli tagar ofishin, na kalli rana, na ji sanyi a raina. Zafin Haɗeja bai taɓa yi mini daɗi irin na wannan shekarar ba.

Direban Alhaji ne ya ba ni labari, ya kawo gyaran waya bai san ko ni wane ne ba. Baƙi na zaune, Alhaji ya ɗaga taraktar zai nuna musu, sai tayar baya ta buɗe baki. Ruwa mai danƙo da wari ya bi hannun babbar rigarsa, ya malale tebur. Alhaji ya sa aka kira mai aikin hannu, ya ce tunda kai ka yi, zauna nan ka gyara. Taubashin nawa ya zauna da gam, ya manne yatsunsa, ɗaya tayar ma ta fashe masa. Sai da na sa direban ya maimaita mini wurin yatsun.

Da la'asar taubashin ya iso shagona, hannu duk ƙuraje.

"Ɗan'uwa, ka rufa mini asiri."

Yau kuma ɗan'uwa ne. Na ce zan gyara, amma sai jar taraktar ta koma hannun Inna, kuma shi zai kai da kansa. Na san ba a karɓo kyauta daga hannun babban mutum sai an faɗi dalili. Ya je ya faɗa wa Alhaji gaskiya. Alhaji ya ba shi taraktar, ya kuma karɓe aikin shansherar.

Tare da Kawu suka zo, fuska a murtuke. Ya durƙusa ya ɗora wa Inna a cinya, sannan ya juyo kaina.

"Da gangan ka yi. Ka tozarta ni a gaban mutane, ka raba ni da abincina. Baba, ka ga abin da ya yi mini?"

Na dube shi, na yi masa irin dariyar da aka yi ranar Salla.

"Haba ubangidana. Wasa ne fa."

Kawu ya buɗe baki, ya tuna abin da ya faɗa mini, ya rufe. Inna ba ta ma san muna yi ba. Ta lalubo gwangwanin, ta lalubo kujerar, ta kai matashin hancinta ta daɗe a haka.

"Ita ce," ta ce.