Shekara bakwai bayan Rahinatu, har yanzu muna gudun allura

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayata Rahinatu, a hatsarin mota tsakanin Yendi da Salaga, saura mata 'yan watanni ta kammala digirin digirgir a kan ciwon daji. Kowace shekara nakan rubuta mata kalmomi masu sanyi a wannan shafi. Bana ba ni da su. Raina a ɓace yake, kuma da danginmu nake, har da ni kaina. Mahaifiyarmu, wadda muke kira Mma, wata takwas ke nan tana ɗauke da ƙullutu a mama, mu kuwa da muka tashi gida ɗaya da Rahinatu mun yi ta yawo da ita gari-gari don kada allura ta taɓa ta.

Duk wanda ya tashi a zango, unguwar Hausawa a garuruwanmu, ya san maganar: wai daji ba ya son ƙarfe. Da zarar an soka masa allura ko an sa wuƙa, sai ya fusata ya bazu. Da wannan magana muka girma, kuma ita ce Rahinatu ta ƙare ƙuruciyarta tana yaƙa. Karatunta a kan ƙwayoyin halittar jiki ne, abin da ke lalacewa a cikinsu har su ƙi daina hayayyafa. Ni dai rabin bayanin ke shiga kaina. Abin da na riƙe shi ne, ciwon dajin mama ba iri ɗaya ba ne, kowane iri da maganin da yake ji, kuma ba a sanin irin sai an ciri ɗan mitsitsin nama da allura an duba. Ta taɓa tsare Babanmu, wanda ya tsufa a cinikin doya, ta tambaye shi ko ya taɓa sayen lodi bai ƙwarzani ɓawo da farce ya ga cikin ba. Baba ya yi dariya ya ce yarinyar nan da namiji ce da ta ƙwace masa rumfa.

Ba ta da daɗin zama, gaskiya. In ta zo hutu, ba taron suna ba na biki, sai ta tara mata a ɗaki ta rufe ƙofa tana koya musu yadda za su riƙa lalube jikinsu. Haka ta yi a Salaga, haka a Yendi wurin dangin Mma, har Bawku ta je ta yi. Ni kunya nake ji. Nakan ja mayafinta in ce, Yaya, abinci aka zo ci. Ita kuwa ko a jikinta.

Da ta rasu, mun karrama ta yadda muka iya. Hotonta na falo, an yi masa gilashi. Baƙo ba ya shiga gidanmu ya fita Mma ba ta gaya masa 'yarta masaniyar ciwon daji ce ba. Sai ga ciwon ya shigo gidan da kansa. Mma ta yi wata uku tana ɓoyewa kafin ta nuna mini. Na ce mu tafi babban asibiti a Tamale. Ta ce a fara gaya wa yayanta, Kawu Seidu na Yendi. Kawu ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Ke yarinya ce. Na binne mata uku da aka taɓa da ƙarfe. Ba za a soki ƙanwata ina raye ba."

Na san amsar, domin na sha jin Rahinatu tana bayar da ita: matan nan ba allura ta kashe su ba, sai da ciwo ya gama cin jiki aka kai su. Amma ban faɗa ba. Kawu ne, ya girme ni nesa ba kusa ba, na sunkuyar da kai na ce to. Ni na riƙe wa Mma jaka zuwa Yendi, inda aka yi wata biyu ana shafa mata wani baƙin magani har fata ta saluɓe. Ni na sake riƙe jakar zuwa Bawku, wurin wani mai magani da aka ce ba ya kuskure. Duk tsawon hanyar nan ina jin muryar Yaya a kunnena, ina yi kamar ban ji ba. Da tana nan, da ta ɗaga wa Kawu murya a tsakar gidansa, a yi fushi da ita shekara guda, Mma kuma ta kwana a Tamale ranar. Ni mai ladabi ce, ga inda ladabin ya kai mu.

Makon jiya muka yi wa Yaya sadakar shekara. Ana cikin rabon masa sai ga wata mata da ba mu sani ba, ta ce sunanta Adiza, albasa take sayarwa a Bawku, ta ji labarin Mma a bakin wata 'yar'uwarmu. Ba ta tsaya doguwar gaisuwa ba. Ta ja Mma ɗaki, ta ce in biyo su in rufe ƙofa. Sai kawai ta ɗaga rigarta. Gefe ɗaya babu mama, sai tabo da ya daɗe da warkewa.

Da Hausarta ta Bawku, wadda ba ta bambanta mace da namiji, ta ce, "Mma, ɗiyanki ne ya ja ni asibiti. Na zage shi, mijina ya kore shi, gobe ya koma. Yau shekara tara. Na aurar da yara biyu."

Mma ta daɗe tana kallon tabon. Ta miƙa hannu ta taɓa. Can ta ce, "Allurar da zafi?"

"Da zafi mana. Amma ga ni."

Ranar Litinin muka je Tamale, ba mu nemi izinin kowa ba. Kawu ya daina ɗaukar wayata, kuma na iya zama da hakan. An ciri naman, abin bai kai tsawon sallar azahar ba. Wata takwas muka yi muna gudun abin da bai kai sallar azahar ba! Likitar ta duba fatar da ta saluɓe, ta dube ni, ta tambaya me ya hana mu zuwa da wuri. Ban ce mata ni ƙanwar Rahinatu ce ba. Kunya ta hana ni.

Yanzu sakamako muke jira, ban sani ba ko mun makara. Na yi ta tunanin abin da ya rage na yayata, tunda ba ta kai ga karɓar takardar digirin ba, binciken kuma wasu suka ƙarasa. Ashe abin da ta bari yana kasuwar Bawku yana auna albasa, kuma ya fi mu riƙe amanarta. Allah ya jiƙan Rahinatu, ya ba Mma lafiya. Ke kuma mai karanta wannan, in kin ji wani abu a jikinki, kada ki tsaya neman mai ladabi irina ta raka ki.