Fankar ɗakin Hajiya

Jiya na shiga ɗakin da na gina wa mahaifiyata a Ƙofar Kaura, sai na ga fankar sama can wajen bangon gabas, ba tsakiya ba.

Raina ya ɓaci. Mai zanen gidan ya ce shi a tsakiya ya zana. Mai wayarin ya ce inda magini ya kafa ƙugiya, nan ya rataya.

Ina cikin faɗa Hajiya ta leƙo.

"Bar yaran mutane. Ni na sa a matsar da ita, nan zan riƙa sallah. Kun yi ta tambayar takarda, ni ba wanda ya tambaye ni."

Yau da azahar na same ta tana lazimi, iska na kaɗa hijabinta. Wallahi daɗi ya kama ni.

Masu gini, kuna tambayar wanda zai zauna ciki kuwa?