Kwalaben Malam Gwadabe

Babanmu, Malam Gwadabe, albasa yake sayarwa a kasuwar Mile 3 ta Fatakwal kafin yaƙin basasa. Da ƙura ta lafa ya koma Fatakwal shi kaɗai, ya tarar rumfarsa ta yi sabon mai ita. Innarmu Hadijatu kuwa ta kafe a Kano da mu. Ta ce ba za ta koma garin da ta fito a guje ba, garin da ko gishiri sai ya narke a kwano. Sai dai in ya samu abin yi tsayayye.

Lokacin man fetur ya buɗe gari. Wani mahauci ya yi masa hanya a ɗakin gwaje-gwajen wani kamfanin mai, aka ba shi tsaron sito, gwajin wata uku. Mutumin da ko sunansa bai iya rubutawa da boko ba, ga shi tsakanin kwalabe ɗari.

Guda ɗaya ce ta hana shi sakat. Wani gari ne a cikinta, fari-fari mai ratsin ɗorawa, wai shi aluminiyam kuloraid marar ruwa. Kaɗan ake zubawa ya zaburar da haɗin sinadarai su kama aiki. Amma ba ya shiri da ruwa ko kusa. Ana buɗe murfi sai ya fara hayaƙi mai yaji a hanci, don laimar iska kaɗai ta ishe shi. Baba ma in ya yi alwala sai ya goge hannu har gwiwa kafin ya doshi kantar.

A Fatakwal kuwa sama ba ta gajiya. Kowace babbar kwalba, kafin a ci rabinta ta dunƙule ta mutu. Shugaban ɗakin, Mista Wokoma, ya ce mai sito ne ba ya rufewa da kyau, in ta sake lalacewa kowa ya kama gabansa.

Abin ya yi wa Baba zafi, don shi dai ya san yana rufewa. Sai ya zauna yana lura. A rana ɗaya sau tara aka buɗe kwalbar nan. Ya je ya sami Wokoma da guntun Turancinsa na kasuwa.

"Oga, ba wanda ke buɗe buhun sukari don kowane mai sayen cokali guda. Ƙullawa ake yi."

Wokoma ya yi dariya, amma ya yarda. Da sabuwar kwalba ta zo, suka raba ta cikin ƙananan kwalabe a akwatin gilashin da ake busar da iskarsa, Baba ya bi kowane murfi ya liƙe da kakin kyandir. Mai buƙata ya ɗauki ɗaya, sauran ba ruwansu da iska. Damina ta yi iya yinta, garin nan yana nan a bushe, bai dunƙule ba. Aka tabbatar masa da aiki, ya shekara ashirin da biyu a siton.

Da aikin ya tabbata, bai aiko da wasiƙa ba. Sai ya ba wani direban motar shanu wata 'yar kwalba liƙe da kaki, ya ce a faɗa wa Inna tun farkon damina ya zuba. Ina tsaye ta fasa kakin, ta zazzaga a tafin hannu. Gishiri ne, a bushe ƙayau.

Ta daɗe tana kallonsa, na ga idonta ya kawo ruwa. Sannan ta ce da ni, "Zuliha, ɗauko min akwatina."